Damagaram: Tsakanin Tsohuwar Fijo da Sabuwar Toyota

Garin Damagaram ya daɗe da sanin mota. A ƙarshen 1924, lokacin Zinder ce babban birnin ƙasa, ayarin motocin Citroën takwas da suka taso daga Aljeriya ya yada zango a nan, a kan hanyarsa ta zuwa tafkin Cadi. Amma wadda ta shiga ran mutanen Birni da Zango, ta zama ma'aunin arzikin ɗan kasuwa da darajar ma'aikaci, ita ce Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo.

Amurkawa suna da tsoffin motocinsu na ƙarfi, irin su Dodge Charger mai silinda takwas, waɗanda tsadar mai ta 1973 ta karya wa lago. Fijo ba ta da wannan ruri. Silinda huɗu gare ta, ƙarfinta kuma na jimiri ne. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, daga baya aka riƙa haɗa ta a Kaduna, don haka kayan gyaranta suka wadata a Kano, tafiyar kilomita kamar 240. Ƙafafun baya ne ke tura ta, cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ramuka da rairayi ba su cika tsayar da ita ba. In ta mutu a daji, bakanike ya kwance kafireta, ya busa, ya mayar, tafiya ta ci gaba.

Yau Alhajin da ya samu hali Toyota Avalon yake nema, ko Camry in kuɗin bai kai ba. Gaskiya ba a raina ta. Avalon ta fi Fijo gudu nesa ba kusa ba, birkinta ya fi kamawa, sanyinta kuwa a watan Afrilu rahama ne. Mai tafiya Yamai, kusan kilomita 900, zai sauka da sauran ƙarfinsa.

Sai dai an yi ta ne don titunan Amurka. Cikinta na kusa da ƙasa. Da an sauka daga kwalta an shiga lissafi. Kwamfuta ce ke auna mata mai, ba ta kuma yafe man kwalba mai datti, ko da yake matatar SORAZ tana aiki a arewacin gari tun 2011. In fitilar gargaɗi ta kunna, tsohon gwanin da ke gane ciwon inji da kunne sai ya jira yaro mai na'ura, kuɗin aikin ma ya koma can.

Mai riƙe da Fijo shi ma kada ya saki jiki. An daina ƙera ta, kayan gyara na asali sun yi wuya, akasari daga gawar wata ake ciro su. Avalon ɗin ma Toyota ta daina yin ta a Amurka tun 2022.