Wasiƙa Ga 'Yata Mai Nazarin Awon Ido: Kada Ki Ba Da Kwangilar Babi Na Huɗu

Mamana,

 

Mahaifiyarki ta shaida mini cewa kin kusa fara tattara bayanan bincikenki na digiri na biyu kan matsalar gani a tsakanin 'yan firamare, kuma kin yi shawarar idan kin gama ki kai wa wani mai shagon kwamfuta ya yi miki lissafin babi na huɗu, ki biya shi. Ta ce kin ce kowa haka yake yi a ajinku. Shi ya sa na rubuto ta jarida maimakon in kira ki a waya, domin maganar ta shafe ki, ta kuma shafi 'yan ajinku.

Ban yarda ba, Mamana. Kuɗin ba su dame ni ba. Na yi rayuwar aikina a ofishin ƙididdigar lafiya, na ga yadda alƙalami ɗaya a cikin rahoto ke yanke wa gari hukuncin samun asibiti ko rasa shi. Wanda ya auna idon yaro da hannunsa shi ya san abin da lambar take nufi. Mai shagon bai taɓa ganin yaran ba. Zai zuba lambobinki a manhajar SPSS, ya danna, ya ba ki teburori masu kyan gani, kuma ranar kare kundi ke kaɗai za ki tsaya gaban malamai. Ko da kin tsallake wannan ranar, akwai ranar da wani jami'i zai ɗauki sakamakonki ya tsara rabon tabarau a kansa.

Ki dubi aikin da ya fi kowanne tasiri a fanninku a ƙasar nan, wato binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007, da haɗin gwiwar Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da Sightsavers da masana daga Landan. An duba idanun mutum 13,599 masu shekara 40 zuwa sama, a rukunoni 305 da aka zaɓo a faɗin Najeriya. Dakta Fatima Kyari na cikin waɗanda suka jagoranci rubuta sakamakon. An samu kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, kimanin mutum miliyan 1.13 ke nan, kuma kashi 84 cikin ɗari na makantar abin da ake iya karewa ne ko a magance. Yanar ido ta ɗauki kashi 43, hawan jinin ido kashi 16.7. Arewa maso Gabas ta fi ko'ina, da kashi 6.1, yayin da Kudu maso Yamma ke da 2.8. A ɓangarenku kuwa, rashin tabarau da ya dace shi ne babban dalilin raunin gani mai sauƙi da matsakaici. Akwai wani abu da binciken ya fito da shi wanda har yau yake taɓa mini zuciya: cikin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, sama da kashi 40 cikin ɗari masu aikin gargajiya ne suka tura yanar ciki da tsinke, kuma kusan uku cikin huɗu na waɗannan idanun sun zauna a makance. Mutanenmu ne waɗannan, kakannin yaran da za ki duba. Da ba a ƙirga su ba, da har yanzu gardama ake yi da baki.

Abin da ya ba wannan bincike daraja shi ne yadda aka zaɓo mutanen. Ba a zauna a ƙofar asibiti ana ƙirga masu shigowa ba. Idan kika je Asibitin Ido na ECWA a Kano ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna kika ƙirga, za ki samu mai ciwo ne, mai kuɗin mota, wanda ya sami ɗan rakiya. Tsohuwar da ke zaune a ɗaki a ƙauye ba ta cikin lissafinki. Kin san mai sayen hatsi a Dawanau ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, sai ya soka ƙarfe ta gefe da ƙasa ya ga abin da ke ciki. To, ke ma idan makarantun bakin titi kawai kika bi saboda sun fi sauƙin zuwa, abin da za ki faɗa ya tsaya kan makarantun bakin titi. Yaran tsangaya fa? 'Yan matan da ke talla a lokacin da ake aji fa? In ba za ki iya kaiwa gare su ba, ba laifi, amma ki rubuta ƙarara cewa sakamakonki bai haɗa da su ba.

Na kuma san lambar da za a ce ki rubuta a babi na uku: 384. Tana cikin kundaye ba iyaka. Asalinta lissafi ne na gaskiya, amma an gina shi kan zaton cewa rabin mutane na da matsalar, cewa kin yarda da kuskuren kashi 5 sama ko ƙasa, kuma cewa kowane mutum shi kaɗai aka zaɓo shi ta hanyar ƙuri'a. Ke kuwa makaranta-makaranta za ki ɗebo yara, kuma 'yan makaranta ɗaya sukan yi kama da juna a abinci da unguwa da hasken aji, don haka dole adadin ya ƙaru. In kuma matsalar da kike nema yara uku ko huɗu cikin ɗari take samu, kuskuren kashi 5 ya fi abin da kike nema girma. Wannan lissafi kafin a fita fili ake yin sa. Ki nemi masanin ƙididdiga na jami'arku tun yanzu, ki zauna da shi da takardar tambayoyinki, kada ki bari sai bayanai sun taru sannan ki je neman ceto.

Yanzu ga abin da mai shago ba zai taɓa sani ba, domin sirrin sana'arku ne. Kowane yaro ido biyu gare shi. In kin duba yara 200, ba ki da shaidu 400. Idon dama da na hagu na mutum ɗaya jini ɗaya ne, gado ɗaya, kuma galibi abin da ya sami ɗaya ya taɓa ɗayan. Wanda ya jera su a matsayin mutane dabam-dabam zai sami sakamako mai nuna tabbacin da babu shi. Ko dai ki yanke tun farko wane ido za ki ɗauka, ko ki koyi hanyar lissafin da ke la'akari da cewa idanun biyu na mutum ɗaya ne. Haka allon karatu. Allon Snellen da ake amfani da shi tun 1862 yana da kyau a ɗakin duba marar lafiya, amma tazarar layukansa ba ɗaya ba ce, kuma ba a haɗa 6/6 da 6/60 a raba biyu a ce an sami matsakaici. Shi ya sa Bailey da Lovie suka tsara nasu allon a Ostireliya a 1976: haruffa biyar a kowane layi, kowane layi 0.1, kowane harafi 0.02 a ma'aunin logMAR. Da wannan ake bincike. Ga yaron da bai iya boko ba, akwai mai harafin E da ke juyawa, sai ya nuna da yatsu inda ƙafafun suka fuskanta. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma irin waɗannan ƙananan abubuwa su ke rushe kundi.

Batun maganin ɗigawa ya fi wannan nauyi. Ke kika koya mini cewa idon yaro yana da ƙarfin matsewa, kuma in ba a ɗiga maganin da ke sassauta shi ba kafin awo, sai a ƙirga yara masu lafiya cikin marasa hangen nesa. To, maganin yana buɗe ƙwayar ido, yaro ya koma gida yana gani dishi-dishi, hasken rana na damunsa har zuwa washegari. Ki sa kanki a matsayin uwar da ba a gaya wa komai ba. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin sanƙarau na 1996 ba, kuma suna da hujjar tsoro. Izinin kwamitin ɗa'ar bincike wajibi ne, amma takarda ce kawai in iyaye ba su fahimta ba. Ki rubuta bayanin da Hausa mai sauƙi, ki karanta wa wanda bai iya karatu ba, ki je wurin mai unguwa da liman, ki gaya musu cewa wanda ya ƙi ba abin da zai same shi. Duk yaron da kika samu yana bukatar tabarau, ki san inda za ki tura shi kafin ki fara. Ki kuma rubuta yawan waɗanda suka ƙi, domin shi ma sakamako ne.

Akwai kuskuren da ya zama ruwan dare a wajen gwada na'ura biyu. A ce kina gwada na'urar awon matsin ido mai hura iska da ta Goldmann, kuma ta farkon kullum tana ƙara 4 a kan ta biyun. Lissafin dangantaka zai fito cikakke, har a yi murna. Amma mutumin da matsin idonsa 19 ne za a karanta masa 23, ya haye 21 da aka saba ɗauka a matsayin iyaka, a tayar masa da hankali da zancen hawan jinin ido. Bland da Altman sun bayyana hanyar da ta dace a mujallar Lancet a 1986: a duba bambancin awon biyu a kan kowane mutum. Takardar gajera ce, ki karanta ta da kanki.

Ƙimar p kuma kada ta zame miki abin bauta. Faɗuwarta ƙasa da 0.05 ba ta nuna cewa bambancin yana da amfani ga marar lafiya, haurawarta sama kuma ba faɗuwar jarrabawa ba ce. Ki faɗi girman bambancin da tazarar tabbacinsa. In ba ki sami komai ba, ki rubuta ba ki samu ba. Kada ki taɓa lamba ko ɗaya don ta yi daidai da abin da ake so a ji. A kan wannan ba na sassauci, amana ce, kuma Allah zai tambaya.

Kada ki ɗauka wannan aiki na mutanen waje ne. A ƙauyukan Jihar Kaduna ne Farfesa Adenike Abiose da abokan aikinta suka yi gwajin da aka raba mutane ta ƙuri'a, wasu aka ba su ivermectin, wasu ƙwaya marar magani, suka nuna cewa shan maganin shekara-shekara yana rage lalacewar jijiyar gani a makantar da ƙudan bakin rafi ke jawowa. Lancet ta buga shi a 1993.

Kayan koyo kuwa ba su da tsada. R da Epi Info kyauta ne, KoboToolbox zai ba ki damar cike bayanai a waya ko babu intanet, Zotero zai riƙe miki manazarta. Ki ware lokaci kaɗan kullum bayan sallar asuba. Ki fara da bayanan yara ashirin na gwaji, ki fitar da matsakaici da hannu, sannan ki ga ko kwamfuta ta yarda da ke. Duk takardar da kika ɗauka, ki fara karanta yadda aka yi aikin kafin abin da aka samu. Ki guji mujallun da ke karɓar kuɗi su buga cikin mako guda ba tare da masana sun duba ba.

Neman taimako ba aibu ba ne. Ki tambayi malamin da ke duba aikinki, ki tambayi masanin ƙididdiga, amma ki zauna a gefensa, hannunki a kan kwamfutar, har ki iya bayyana kowane teburi da bakinki. Kuɗin da kika ware wa mai shago, ki biya kwas ɗin ƙididdiga da su, in ba su isa ba zan cika. Ki turo mini babi na uku kafin ki shiga makarantar farko, mu duba lissafin adadin yaran tare.

Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki ilimi mai amfani.

Mahaifinki.