Ko Tukunya Sai An Ƙwanƙwasa

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu masu girma, da yawa daga cikinku sun sha ganina a gindin dalbejiyar nan ta bayan ɗakunan kwananmu, ina rungume da jita ina 'yan kaɗe-kaɗe bayan la'asar. Wasu kuma sun sha tambayata ina babbar nan mai sheƙi da na zo da ita shekarar da aka dawo daga dogon yajin aiki. Kullum sai in ce tana gida. To, yau dai zan faɗi gaskiya, domin an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma wataƙila wani ya tsira da kuɗinsa saboda jin wautar da na tafka.

Na fara koyon kiɗan jita a shekarar 1919 in ji masu tsokanata, amma a gaskiya 2019 ne. Wata tsohuwa na saya a Sabon Gari a kan naira 18,000, irin wadda ba ta bukatar wutar lantarki, watau kwaryar katako ce kawai da tsarkiya shida. Fentinta ya koɗe, ɗaya daga maɗauran tsarkiyarta kuma sai an sa filaya yake juyawa. Abin da ya ja ni ga kiɗan shi ne sauraron Ali Farka Ture, mutumin Niyafunke ta ƙasar Mali, wanda ya rasu a 2006, da kuma Bombino na Agadas. Da na ji su sai na ji kamar gurmi da molon da na tashi ina ji a ƙauyenmu ne aka ɗora wa wani sabon jiki. Salon kiɗan nan na yatsu ne, ana tsinkar tsarkiya ɗaya-ɗaya da sauri, ba sharar su ake yi gaba ɗaya ba. Ya mai karatu, ka riƙe wannan, domin a nan gizo ke saƙar.

A ranar 14 ga Fabrairu 2022 malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba. Watanni takwas ke nan cur. Na yi su ne a shagon kawuna a Kantin Kwari, ina auna yadi da rana, da dare kuma ina kwance da waya a hannu ina kallon masu gwada jita a intanet. Tun ina kallo don nishaɗi har zuciyata ta soma raya mini cewa duk abin da ya hana kiɗana daɗi laifin tsohuwar jitata ne. Na manta sarai cewa Mdou Moctar na Nijar, wanda ake zuwa kallonsa a Turai da Amurka, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta fari.

Ana haka na ci karo da wata a wani kanti a Amurka. Hotunanta goma sha biyu, na haddace su kamar karatun allo. An rubuta cewa fuskarta tsantsar itacen sifurus ne, wanda ke tsirowa a ƙasashe masu sanyi kamar Alaska da yammacin Kanada, bayanta da gefunanta kuma na mahogani ne, watau ɗan'uwan maɗacinmu. Ƙirar jikinta ita ce ake kira diredinot. Kamfanin Martin na Amurka ne ya fara yin wannan ƙira a 1916, aka kuma ara mata sunan wani ƙaton jirgin ruwan yaƙi na Ingila na shekarar 1906 saboda girmanta. Tawa ba ta wannan kamfani ba ce, amma a kan ƙirar aka yi ta. Da mai hankali ne ni, da jin an sa wa abu sunan jirgin yaƙi sai in dubi kaina a madubi, domin ni ɗan firit ne, gajere, mai gajerun yatsu. Amma ina! Kuɗinta dala 1,100, in an haɗa da na dako da na kwastan abin ya doshi naira miliyan ɗaya.

Na tattara abin da na tara a shago, na sayar da babur ɗina, duk da haka da saura. Sai na tafi gida wurin mahaifiyata. Akwai wani bijimi da ta yi shekara uku tana kiwo da sunana, da nufin in an zo shekarar ƙarshe a sayar a biya kuɗin makaranta da na aikin bincike. Na yi ta kewaye-kewaye, har dai na fito da maganar. Ta daɗe ba ta ce kome ba, tana ta tsince shinkafa a faifai, sa'an nan ta ɗago.

Ta ce, "Auta, abin nan ka taɓa shi da hannunka?"

Na ce, "A'a Inna, yana can ƙasar Amurka. Amma na ga hotonsa, na kuma ji muryar irinsa a waya."

Ta ce, "Ni dai tun ina yarinya ban taɓa sayen tukunya ban ƙwanƙwasa ba. Amma sa naka ne, ka yi yadda ka ga dama. Allah Ya sa alheri."

Na ɗauki wannan a matsayin yarda, ko da yake na san ba ita ba ce. Ran kasuwa aka ja bijimi.

Jita ta iso Kano a ƙarshen Satumba, ana 'yan ruwan bankwana. Da na buɗe akwatinta wani ƙamshin sabon katako ya buge ni, hannuna har rawa yake yi. Wallahi babu abin da aka faɗa a kanta da ya zama ƙarya. Sai da na ɗora ta a cinya na gane na yi cinikin biri a sama. Faɗin jikinta ya kai santimita 40, kaurinsa kuma wajen 12, saboda haka sai na ɗaga kafaɗa kamar mai tallar kaya kafin hannuna na dama ya kai ga tsarkiya. Minti ashirin kafaɗa ta ɗauki zogi. Wuyanta kuma ya fi na tsohuwata kauri da faɗi. Bambancin bai wuce milimita biyu ba, abin da ido ba zai kula da shi a hoto ba, amma ƙaramin yatsana ya san da shi nan take, don wuraren da yake kai wa a sauƙaƙe sai ya koma yana miƙa kamar mai tsinkar mangwaro.

Babbar matsalar kuwa muryarta ce. Murya ce mai kauri da rugugi, an gina ta ne domin masu sharar tsarkiya da ƙarfi a cikin taron makaɗa, irin na waƙoƙin karkarar Amurka, inda ake so jita ta ratsa sauran kayan kiɗa a ji ta. Da na sa mata 'yan tsinke-tsinkena na gurmi, sai manyan tsarkiyoyi suka haɗiye ƙanana, kiɗan ya dagule kamar kunun da aka cika wa ruwa. Abin da na ji a waya kuwa hannun wani ne, a ɗakin wani, ta na'urar ɗaukar murya mai tsada, sa'an nan ya fito ta 'yar lasifikar da ba ta kai ƙwayar wake ba.

Na je wa kawuna da maganar mayarwa, da yake shi ɗan kasuwa ne kuma ya yi karatun littattafai. Ya tambaye ni, "An yi maka ƙarya a siffarta?" Na ce a'a. Ya ce to a fiƙihun Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, ya halatta a sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, kuma in ya zo daidai da yadda aka siffanta ciniki ya ɗauru. Ko da ma ba haka ba, kwanakin da kantin ya yanka na mayar da kaya sun ƙare tun tana hanya, kuɗin mayarwar kuma wani bijimin ne.

Saboda haka na haɗiye. Da aka koma makaranta na zo da ita, abokai suka kewaye ni ana ta shafawa ana ɗaukar hoto, ni kuma ina yaƙe ina cewa ai ba a taɓa yin irinta ba. Da dare kuwa, in kowa ya yi barci, tsohuwar nake jawowa daga ƙarƙashin gado.

Sai hunturu ya kama. Cikin Disamba na fara jin bakin ƙarafan da aka jera a wuyanta suna kartar mini tafin hannu, tsarkiyoyi kuma suka soma zizar ƙudan zuma. Ban kula ba, na bar ta jingine a bango kusa da taga. Wani dare cikin Janairu 2023, wajen ƙarfe biyu, na ji ƙas! kamar an taka busasshen kara. Na haska fitilar waya, sai ga tsaga ta taso daga gindin jakin tsarkiya har zuwa ƙarshen fuskar, tsawon taƙi guda. Na zauna a bakin gado har aka kira assalatu. Ba jitar nake gani ba, bijimin Inna nake gani ana jan sa yana tirjewa.

Aka kwatanta mini wani dattijo a Sabon Gari mai gyaran kayan kiɗa na majami'u, wanda kowa ke kira Baba. Ya juya ta, ya leƙa cikinta da ɗan madubi, ya girgiza kai.

Ya ce, "Samari, wa ya sayar maka da wannan bai gaya maka tana shan ruwa ba?"

Na zaci ba'a yake yi, ashe da gaske ne. Ya bayyana mini cewa irin wannan jita ana ƙera ta ne a ɗakin da danshin iskarsa yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturun Kano kuwa yakan sauko da danshi ƙasa da kashi 20. Allon fuskarta bai fi kaurin milimita uku ba, ga shi tsarkiya shida na ƙarfe suna jan sa dare da rana da nauyin da ya kai kilo 70, watau fiye da buhun siminti. In iska ta bushe katako yakan tsuke ta faɗinsa, amma an manne gefunansa ba shi da wurin zuwa, don haka sai ya tsage. Wuyan ma ya tsuke ne, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, shi ya sa bakin ƙarafan ya fito. Na ce to me ya sa tsohuwata ta yi hunturu huɗu a hannuna ko gezau? Ya yi dariya, ya ce ai ita siraran katakai ne aka manne hawa-hawa, zaren kowanne ya gitta na ɗan'uwansa, suna riƙe juna. Watau arahar tata ita ce ta tsare ta, tsadar wannan kuma ita ta kashe ta.

Baba ya sa soso mai laima a cikin gidan sabulu da ya huhhuda, ya rufe shi tare da ita a akwati har mako biyu, sai da bakin tsagar ya haɗu don kansa. Sa'an nan ya ɗura gam, ya manna 'yan ƙananan katakai ta ciki suka riƙe. Gyara ya yi kyau, amma tabo ya zauna, kuma ya ce mini kada in yaudari kaina, darajarta ta faɗi ƙwarai.

Ranar da na je karɓa na tarar da wani ƙaton mutum a shagon, mai kaɗa wa ƙungiyar mawaƙan wata majami'a. Ya nemi izini ya ɗauka. Jama'a, da ya share tsarkiyoyin nan sau ɗaya, sai da masu wucewa suka tsaya. A jikinsa ta zauna daram kamar don shi aka auna ta. Nan na tabbata jitar ba ta da laifi ko kaɗan, kantin ma ba shi da laifi. Takalmin wani na saya na ce sai ƙafata ta shiga.

Shi kuma yana da wata ƙarama mai siririn ƙugu da yake cewa ta yi masa kaɗan. Baba ya ce mu gwada musanye. Wannan karon na zauna a kan benci na kaɗa ta sa'a biyu, a zaune da a tsaye, a hankali da kuma da ƙarfi, na bi wuyanta gaɓa-gaɓa, na kuma ba shi ya kaɗa na koma bakin ƙofa na saurara. Kashegari na sake dawowa na kaɗa, kafin na ce na yarda. Ya yi mini cikon naira 200,000. Ita ce wadda kuke gani a gindin dalbejiya.

Da cikon na sayi ɗan maraƙi na kai gida, na durƙusa na ba Inna labari tun daga fari har ƙarshe. Ba ta ce ai na gaya maka ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi in miƙo mata sabuwar. Ta kara kunne, ta ƙwanƙwasa fuskarta da ɗan yatsa sau uku, ta miƙo mini ta ce, "Wannan ba ta da tsaga." Kuɗin makarantar da aka yi tanadin bijimi dominsa kuwa, har yau a shagon kawu nake haɗa shi duk hutu, a ƙafa kuma nake zuwa tasha.

Shawarata ga mai sha'awar wannan kiɗa ita ce kada ya sayi jitar da bai rungume ta ba, domin ko biyu aka ƙera rana ɗaya daga itace iri ɗaya, muryarsu ba ta zama ɗaya. In kuwa dole ta sa sai daga nesa, to ya nemi awon faɗin jiki da na wuya a rubuce, ya je ya sami mai irin wannan awo a gari ya kaɗa ta tukuna, ya tabbata kwanakin mayarwa za su kai ta iso, ya kuma tanadi soso da gidan sabulu kafin watan Nuwamba. Sa'an nan in tsohuwa ta yi masa tambaya a kan abin da yake ganin ba ta sani ba, ya tsaya ya ba ta amsa da kyau kafin ya ja sa kasuwa.

Allah Ya kiyashe mu da aikin da-na-sani, amin.