Gawo a Idon Tauraron Ɗan'adam

A watan Maris, idan aka dubi ƙasar Sule Tankarkar daga sararin samaniya, rairayi ne shimfiɗe har iyakar Nijar, sai ɗigo-ɗigon kore nan da can. Da yawansu gawo ne, itacen da ke kakkaɓe ganye da damina, ya yi kore shar da rani. Manomin gero ya daɗe da sanin halinsa, shi ya sa ba ya ɗora masa gatari: ba ya tare wa shuka rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin awaki.

Tun 1972 taurarin Landsat na Amurka ke ɗaukar hoton doron ƙasa, kuma daga 2008 aka buɗe rumbun hotunan kyauta ga kowa. Sentinel-2 na Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, yana rarrabe fili mai faɗin mita 10. Lafiyayyen ganye yana mayar da wani haske da idon mutum ba ya gani. Da shi na'urar ke auna yawan kore.

Bayan farin shekarun 1970 da 1980, kusan kowa ya sallama cewa hamada na cinye wannan yanki. Amma a tsallaken iyaka, a ƙasar Magariya da sauran sassan Damagaram da Maraɗi, masana sun gwama tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraro, suka tarar itatuwa sun ƙaru a kan kimanin hekta miliyan 5. Ba dashe aka yi ba. Manoma ne suka riƙa barin tohon kututture a gonakinsu, suna sassabe shi har ya girma.

Jigawa na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, don haka darasin nata ne. Hoto zai iya nuna shingen itatuwan da ya rayu da wanda ya bushe bayan bikin dashe. Sai dai kore a wurin na'ura kore ne kawai: da wuya ta bambanta gawo da tumfafiyar da ta mamaye gajiyayyar gona. Mai binciken da ya zauna da kwamfutarsa a Dutse zai iya rubuta "farfaɗowa" a inda mai gona ke kukan ƙasa ta mutu. Kafin ya sa hannu a rahoto, gara ya kama hanyar Gumel, ya zauna a gindin gawo, ya tambayi dattijon da ya bar shi tsaye.