Tsintsiya da Ciwon Baya: Darasi Daga Ƙasashen Ƙanƙara

Ya ke 'yar uwa mai karatu, da zarar hunturu ya kankama a ƙauyukanmu na Ɗambatta da Bichi da Kunci, kukan da na fi ji a tagar ba da magani shi ne na ciwon baya da ƙugu. Idan na bincika, sai in tarar uwa ce ko budurwa da ke duƙawa tun asuba, cikin sanyi, tana sharar tsakar gida da guntuwar tsintsiya.

Akwai ƙasashen da shara ta zama wasa. Wasan kalin ya samo asali ne daga Sikotlan, kuma tun 1998 yana cikin gasar Olamfik ta lokacin sanyi. Ana tura dutse mai nauyin kusan kilo 20 a kan ƙanƙara, mutum biyu na goge gabansa da tsintsiya mai dogon hannu. Gugar tana rage tirjiyar ƙanƙarar, sai dutsen ya ƙara nisa. Har matasan Najeriya sun buga shi a Koriya ta Kudu a 2024.

Abin da ya shafe mu shi ne yadda ake horar da masu sharar nan. Ba sa fara aiki sai sun motsa jiki ya yi ɗumi. Suna lanƙwasa gwiwa da kwankwaso, gadon baya na miƙe, ƙafafu a ware. Ke ma za ki iya. Kafin ki ɗauki tsintsiya, zaga gida na minti 5. Ki sa a ɗaura mata sanda, tsawonta ya kai ƙirjinki. Ki riƙa sauya hannu, kina miƙewa lokaci-lokaci. Ki yayyafa ruwa kafin shara, domin ƙurar hunturu na tayar da asma da tari.

Dalilin nacewata shi ne abin da ke biyo bayan ciwon. Da yawa sukan aika yaro kemis ya sayo diklofenak ko ibuprofen, ko haɗin ƙwayoyin da ba a san sunansu ba, a sha kullum kafin karin kumallo. Magungunan nan na iya haddasa gyambon ciki har da zubar jini, su kuma raunana ƙoda, musamman ga tsofaffi da masu hawan jini. Mai juna biyu kada ta sha su sai da izinin likita. Ko farasitamol, babba ba ya wuce giram 4 a yini.

Idan ciwon ya sauka ƙafa tare da sagewa, ko fitsari ya gagara riƙewa, ko zazzaɓi ya biyo baya, a garzaya asibiti ranar.

Kai kuma maigida, sanda ɗaya da igiya sun fi kuɗin gadon asibiti sauƙi. Ɗaura wa iyalinka yau. Allah ya ba mu lafiya mai ɗorewa.