An Mai da Darasin Malam Tsakar Dare

'Yan'uwa Musulmi, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako wani al'amari ne da ya faru a gidanmu, wanda na tabbata ya faru a gidajen da yawa daga cikinku.

Ran Alhamis da ta wuce, da muka idar da sallar lisha, na shiga wurin mahaifina kamar yadda na saba, domin mu saurari darasin fiƙihu da wata tashar telebijin ta jiharmu ta fi shekara 20 tana sakawa a wannan lokaci. Tsoho ya riga ya shimfiɗa buzunsa, ya buɗe Risala a babin da aka tsaya, maƙwabta uku da ba su taɓa fashi ba sun zauna. Aka kunna akwati, sai ga wasan Indiya da aka juya da Hausa. Muka yi ta jira har ƙarfe 9. Da ƙanena ya bincika, aka ce masa ba a soke shirin ba, an dai mai da shi ƙarfe 11 da rabi na dare. Mahaifina ya haura shekara 80, kuma tun kafin assalatu yake tashi. Ya rufe littafi, ya ce, "To, an sallame mu ke nan."

Mu da muka yi wayo a shekarun 1970 mun san asalin wannan al'ada. Tun a 1962, zamanin Sardauna, aka buɗe gidan rediyo da telebijin na Kaduna, sa'an nan aka kafa NTA a 1977, jihohi kuma suka bi baya da nasu, kamar CTV ta Kano a zamanin Gwamna Abubakar Rimi. Marigayi Shehu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya rasu a 1992, daga Masallacin Sultan Bello yake tafsiri, amma ta Rediyon Kaduna muryarsa ta kai rugage da ƙauyukan da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Mutanen Kano kuwa ba za su manta da Malam Isa Waziri ba, Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. A unguwarmu akwati ɗaya ne rak, baƙi da fari, a gidan wani ma'aikacin reluwe, amma in lokacin tafsiri ya yi sai ya fito da shi ƙofar gida. Matan kulle da yawa, ciki har da mahaifiyata, ta wannan hanya suka gyara alwalarsu da ramuwar azuminsu.

Ban ce masu tashar nan maƙiya addini ba ne. Na san wasunsu, muna sahu ɗaya da su. Abin da ya canza shi ne kuɗi. Tun da dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, aka kuma matsa wa na gwamnati su nemi abin riƙe kansu, sai lokaci ya zama haja. Lokacin da ya fi kowane tsada kuwa shi ne bayan lisha, sa'ad da maigida ya dawo daga kasuwa ko ofis, iyali sun taru. Mai talla yana biya, darasin Malam ba ya biya. Saboda haka ba a kore shi ba, kunya ta hana. An dai tura shi inda ba mai ganinsa, in an kwana biyu a ce ba shi da masu kallo.

Wani ɗalibina ya ce mini, "Allah gafarta Malam, ai duk yana cikin waya, ga kuma tashoshin addini zalla a tauraron ɗan'adam." Gaskiyarsa, kuma ba na raina amfaninsu. Amma duk wanda ya yi karatun zaure ya san ƙayyadadden lokaci rabin karatu ne. Ana fara littafi daga bango, a bi shi babi babi har a sauke, wanda ya yi fashi ya ji kunya. A waya fa? Guntun minti 2 ake yankowa, galibi ma wurin da malami ya fusata ko ya yi wa wani raddi, shi ne zai zaga gari. Babin gado da na ciniki, waɗanda ku 'yan kasuwa kuka fi bukata, ba mai tura wa wani. Sa'an nan yawancin tashoshin addini kowace da ɓangaren da ta dogara a kai. Tashar jiha kuwa ta kowa ce: yau malamin ɗariƙa, gobe na Izala, gida ɗaya a ji duka biyu, ko da ana gunaguni.

Sa'ad da nake karatu a Alƙahira, a farkon shekarun 1990, na ga yadda mutanen Masar suke yi da Shaihu Muhammad Mutawalli Sha'arawi. Ran Juma'a in an sauko daga masallaci, mai shayi da mai aski kowa ya san lokacin tafsirinsa ne a telebijin. Ya rasu a 1998, amma da yake an adana abin da aka ɗauka, aka ci gaba da maimaita shi, waɗanda aka haifa bayansa suka san shi. Mu fa? Bara na je wata tasha neman darussan wani malaminmu da ya riga mu gidan gaskiya. Ma'aikacin ya sunkuyar da kai, ya ce a lokacin ƙarancin kaya an ɗora wasu shirye-shirye a kan kaset ɗin, saura kuma zafi da ƙura sun cinye. Karatun shekara da shekaru, ko sa'a ɗaya ban samo ba.

A nan zan juyo gare ku, Alhazai. Cikin azumi kuna gasar ɗaukar nauyin tafsiri, har a rasa wurin sa sunaye, Allah Ya saka da alheri. Amma da an sha ruwan salla sai kowa ya naɗe hannu, watanni 11 darasi ya zama maraya. Me zai hana 'yan kasuwa 10 su haɗu su sayi rabin sa'a ta bayan lisha na shekara guda, a rubuta yarjejeniya cewa ba za a taɓa lokacin ba? Wanda ya iya gina masallaci a layin da yake da masallatai uku, wannan ba zai gagare shi ba. Ku kuma ma'aikata da jadawali yake bi ta teburinku, in canji ya zama dole, a sanar da jama'a tun da wuri, a kuma nemi shawarar masu saurare, a juye tsofaffin kaset cikin kwamfuta tun da sauran abin juyewa.

Yanzu jikan tsoho ne yake raya dare ya ɗaukar masa shirin, ya kai masa da hantsi ran Juma'a. Yana kallo, littafi a buɗe a gabansa. Maƙwabtan nan uku kuwa a wannan lokaci kowa yana wurin nemansa, har yau ba wanda ya sake zuwa.