Falonka Ne Zai Zaɓar Maka Lasifika

Wanda ya tashi sayen manyan lasifikun tsaye, irin waɗanda ake girkewa biyu a falo, tambayarsa ta farko kan kasance: wat nawa ne? A ganina babu tambayar da ta kai wannan ƙarancin amfani. Adadin da ke jikin kwali yana nuna ƙarfin wutar da lasifika za ta iya jurewa ne, ba daɗin da kunne zai ji ba. Kuma kayan da ke iya lashe albashin watanni sun cancanci ma'auni mafi inganci.

Abin da nake fara dubawa shi ne desibel nawa take fitarwa daga wat ɗaya a nisan mita ɗaya. Kowane ƙarin desibel 3 yana bukatar a ninka ƙarfin amfilifaya, saboda haka mai 87 sai ta sha ninki huɗu na abin da mai 93 za ta sha kafin su yi ƙara ɗaya. A nan Klipsch, kamfanin da Paul Klipsch ya kafa a Amurka a 1946, ya yi suna: ƙirarsa mai bakin ƙaho tana wadatuwa da ƙaramar amfilifaya. KEF na Ingila kuwa ya dasa ƙaramin bakin siririn sauti a tsakiyar na matsakaicin sauti, ƙirar da ya kira Uni-Q, domin su fito daga wuri guda. Wanda ke zaune a gefe ma ba ya rasa rabonsa.

Amma alƙalin gaskiya shi ne ɗakin. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan. A falo mai tsawon mita 4, amon da ke kaɗawa kusan sau 43 a sakan zai riƙa kai da komo tsakanin bango biyu har ya kumbura ya danne sauran kiɗan. Idan ramin fitar iskar lasifikar yana baya, kuma kujeru sun tilasta a manna ta da bango, abin sai ya ƙara muni. Daɓen tayil da bangon siminti kuma suna mayar da sauti yadda madubi ke mayar da haske. Sau da yawa kafet da labule mai kauri sun fi ƙarin kuɗi magani.

Wajen gwaji, ni da waƙoƙin da kunnena ya haddace nake zuwa: kalangun Shata don jin ko kiɗan yana tsayawa cak ko yana jan jiki, kuntigin Ɗanmaraya Jos don jin ko tsirkiya tana huda kunne. Ka tabbata an daidaita ƙarar duka biyun, domin wadda ta fi ƙara kullum takan yi kamar ta fi kyau. In mai kaya ya yarda ka gwada a gida, kada ka ƙi. Wadda ka yi awa biyu kana saurare ba ka nemi rage ta ba, ita ce taka.