Wane Littafi Za Mu Ɗauka?

Duk ran Asabar mukan leƙa wani ƙaramin laburare nan Kumasi, mu tsaya gaban kanta muna ruwan ido. Littattafan Turanci ga su nan jingim, na Tonanci 'yan kaɗan. Na Hausa kuwa, Magana Jari Ce na Abubakar Imam kaɗai muka taɓa gani, shi ma na biyu cikin ukun, bango duk ya yage.

Yaranmu na zango suna jin Hausa sarai. Amma da muka miƙa wa wata ɗalibarmu shi, sai ta tsaya cak, ba ta taɓa ganin ƙ da ɗ ba.

Littafin Achebe muka je nema wannan makon. Muka fasa, muka sake aro tsohon nan. Ran Litinin, bayan an tashi, za mu zauna da su.